Kakar Zaitun a Tsaunukan Siyena

A cikin tsohon ginin majalisar birnin Siyena na ƙasar Italiya, wanda suke kira Palazzo Pubblico, akwai wani ɗaki da aka zane bangonsa uku tsakanin 1338 da 1339. Masu mulkin birnin na wancan zamani, su tara, su suka sa Ambrogio Lorenzetti wannan aiki, domin duk sa'ad da suka zauna shawara su ɗaga ido su ga abin da adalci ke haifarwa da abin da zalunci ke jawowa. A bangon adalci, ga birni cike da magina da 'yan kasuwa, ga ganuwa da ƙofa, a bayan ƙofar kuma karkara ta miƙe har iyakar gani: masu huɗa, masu girbi, masu sussuka, jakuna da kaya. Malamarmu ta harshen Italiyanci ce ta kai mu can a ƙarshen 2018, mu ɗaliban Jami'ar Baƙi ta Siyena. Ta miƙa yatsa wajen hanyar da ta nufi ƙofar gari, inda wani baƙauye ya koro dabbarsa zuwa kasuwa. Baƙin alade ne, da wata farar ɗamara da ta kewaye kafaɗunsa ta sauka ƙafafun gaba.

Ta ce irin wannan dabba yana nan da ransa, sunansa Cinta Senese, kuma kawunta na cikin masu kiwonsa. Ta ƙara da cewa lokacin tsinkar zaitun ya kama a gonarsu, suna neman hannu, duk mai so ya zo ranar Asabar.

Na girma a Zariya ina ganin man zaitun a ƙananan kwalabe, jere da habbatus-sauda da zuma a shagunan magungunan Musulunci. Muna shafawa, muna sha da cokali, ana yi mana tofi a ciki. Maƙwabtanmu Kiristoci ma suna saya su kai coci a yi musu addu'a. Alƙur'ani ya ambaci itacen a wurare da dama, har da Suratut Tin da Suratun Nur, amma a duk unguwarmu babu mai shi a gona ko a tsakar gida. Saboda haka zaitun ya ja ni, alade kuma ya sa na yi turus. Da dare na kira mahaifiyata.

"Inna, an gayyace ni gonar zaitun, sai dai mutanen suna kiwon alade."

"Kai za ka yi musu kiwon?"

"A'a Inna, tsinkar zaitun kawai."

"To ka kula da abin da za ka sa a bakinka, ka kula da tufafin sallarka. Su kuwa mutane ne, ka gaishe su da ladabi. Allah ya tsare."

Gonar tana yamma da Siyena, a tsaunukan da ake kira Montagnola, ba nisa da garin Sovicille. Ƙasa ce ja mai duwatsu, rabinta daji ne na wani itace mai duhun ganye da suke kira leccio, wanda ba ya kaɗe ganyensa ko da hunturu. Gidan na dutse ne, hawa biyu. A da, shanun huɗa ke kwana a ƙasa, mutane a sama, ɗumin dabbobi na hawa yana rage musu sanyi. Mai gidan dattijo ne da ya haura saba'in da biyar, kowa Nonno yake ce masa, wato kaka, ni ma haka na bi. Amma ragamar gonar tana hannun 'yarsa, mace mai kimanin shekara hamsin, mai saurin tafiya da ƙarancin magana, da mijinta, da ɗansu matashi da ke makarantar sakandare.

Ba a fara tsinka sai raɓa ta bushe, domin jiƙaƙƙen zaitun saurin lalacewa gare shi. Kafin nan ana shimfiɗa doguwar koriyar raga a gindin itatuwa, a ɗage gefen gangare da 'yan turaku don kada 'ya'yan su mirgina su tsere. Aka ba ni ɗan mataji na roba mai manyan haƙora. Ka kama reshe da hagu, ka taje shi da dama daga sama zuwa ƙasa, 'ya'yan su zubo, wasu kore shar, wasu sun fara ja, wasu sun yi baƙi. Surukin gidan ke riƙe da doguwar sanda mai batir, mai yatsu a kai, tana karkaɗa rassan sama. Gargaɗin farko da aka yi mana shi ne kada mu taka ko ƙwaya ɗaya, domin wadda ta fashe nan take take fara tsami, kuma man ne zai ɗauki tsamin. Don haka tafiya a kan raga sai da sanɗa. In an gama da itace, a tattara ragar, a durƙusa a tsince ganye da ƙirare, a juye a akwatunan roba masu huji da iska ke ratsawa. Ba sa zubawa a buhu, buhu na dafa shi.

Ni duk itatuwan iri ɗaya nake ganinsu. Nonno kuwa daga nesa yake kiran sunan kowane: wannan Frantoio, wancan Moraiolo mai miƙewa sama da ƙananan 'ya'ya masu wuyar tsinka, ga Leccino mai saurin nuna da jure sanyi, ga Pendolino 'yan kaɗan da aka dasa tsakani don furensu ya yi wa sauran barbara. Ɗanyen zaitun ba ya ciwuwa, ɗaci gare shi mai kama harshe. Wanda ake ci sai ya yi makonni a ruwan gishiri.

Cikin masu aikin akwai wani saurayi ɗan Gambiya. Da ya ji daga inda na fito sai ya ce mini, "Sannu da aiki," da Hausar da ya tsinta a Agadas lokacin da yake jiran motar hamada. Ya yi aikin tumatir a kudu, wajen Foggia, a hannun 'yan kwangilar da ke zaftare lada, su caji kuɗin mota da na ruwan sha. A 2016 Italiya ta yi doka mai tsanani a kan irin wannan zalunci, amma ya ce doka ba ta cika isa tsakiyar gona ba. A nan yana da takardar aiki, ana biyansa ta banki. Tun ranar farko ya gaya musu ba zai taɓa aikin aladu ba, suka ce ba komai, ga zaitun ga itacen wuta. Da azahar ta yi, shi ya nuna mini alƙibla, muka shimfiɗa sabuwar raga muka yi salla, masu gida suka kashe sandar batir har muka sallame.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun da safe. Na sha jin cewa zaitun itace ne mai shekaru ɗaruruwa, na zaci zan ga manyan gindaye. Sai ga shi kusan kowane itace a gonar sirara ne uku ko huɗu, sun fito a da'ira daga wuri guda, tsakiyarsu fili. Na tambayi Nonno, malamarmu na fassara inda Italiyancina ya gaza. Ya ajiye matajinsa, ya share ciyawa da ƙafa, sai ga baƙin kututture mai faɗi ya bayyana a tsakanin siraran.

"Wannan shi ne itacen, ɗana. Waɗannan 'ya'yansa ne."

A watan Janairun 1985 aka yi wani sanyi a Toskana wanda har yau manoma ke lissafin shekaru da shi. A Firenze awo ya sauka zuwa digiri 23 ƙasa da sifili. Nonno ya ce da dare suna kwance suna jin itatuwa na tsagewa, ruwan jikinsu ya daskare ya fasa ɓawo. Da bazara ta zo ganye ya bushe ƙurmus, tudu bayan tudu. Ya taɓa ganin irin haka yana yaro, a 1956, amma a lokacin itatuwan na mai ƙasa ne. A 1985 nasa ne, kuma bai gama biyan bashin gonar ba. Ya ɗauki zarto mai inji ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa daga gindi, cikinsu har da waɗanda kakansa ya tarar. Saiwa ba ta mutu ba. Ta yi toho da yawa, ya zaɓi uku ko huɗu masu ƙarfi a kowane kututture ya cire sauran, sannan ya zauna jira. Shekara biyar zuwa shida babu man sayarwa. Maƙwabta da dama suka tumɓuke nasu suka dasa inabi, wasu suka kulle gida suka koma birni. Shi ya shiga aikin gini da rana, da yamma ya dawo ya ɗaure toho da ƙyalle don kada iska ta karya.

Na tambaye shi me ya hana shi tumɓukewa shi ma. Ya ce inabi ba ya son wannan gefen tudun, kuma ba shi ya dasa su ba balle ya ce zai tumɓuke. Ya ɗauki matajinsa ya koma aiki.

Abincin rana a ɗakin girki aka ci, a dogon tebur. Tun kafin mu zauna na gaya wa matar Nonno cewa ni Musulmi ne, ba na cin alade, ba na shan giya. Ashe malamarmu ta riga ta faɗa mata. Miyar da suke yi da sanyi ta wake ce da baƙin kabeji da busasshen burodi, suna kiranta ribollita, kuma a gidan ta saba jefa fatar alade a ciki. Ranar ta dafa tukunya biyu. Ta jawo ni ta nuna mini ta biyun, sabuwa fil, da ludayinta daban, ta ce tun da ɗan Gambiya ya fara aiki ta saye ta, ba abin da ya taɓa shiga cikinta sai ganye da wake da mai. Naman da suka yanyanka ta ajiye shi can ɗaya ƙarshen tebur. Ba wanda ya matsa mini da ko ɗanɗana, ba wanda ya mai da abin wasa. Na sha zama a wuraren da suka fi wannan ilimin boko ban samu wannan mutuncin ba.

A kan teburin ne aka shiga zancen zamanin da. Nonno an haife shi a ƙarƙashin tsarin noma-mu-raba, wanda suke kira mezzadria, da ya yi ɗaruruwan shekaru a Toskana. Ƙasa da gida na mai ƙasa ne da ke zaune a birni, ƙarfi na iyalin manomi, amfani kuma a raba biyu: alkama, mai, inabi, har dabbobi. Bayan rabin akwai kaji da ƙwai da cinyar alade da ake kai wa mai ƙasa a lokutan biki. Littafin lissafi yana hannun wakilinsa, kuma kusan kullum littafin cewa yake manomi ne ake bi bashi. A 1964 gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, ta ɗaga rabon manomi zuwa kashi 58 cikin 100, amma kafin nan matasa sun riga sun fara gudu zuwa masana'antun Poggibonsi da Colle di Val d'Elsa. Gidaje suka zama kufai, wasu makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka zo da tumakinsu suka zauna a ciki. Nonno na cikin ƙalilan da suka tsaya suka sayi gonar da iyayensu suka yi wa bauta.

Ya ce baƙi na zuwa daga Jamus da Amurka suna ce masa zamanin da ya fi daɗi. Ya nuna hannuwansa, yatsun sun kanannaɗe. Ya ce yana ɗan shekara bakwai yake kora aladu daji da takalmin katako, in ɗaya ya ɓata ba zai ci abincin dare ba. Ba ya kewar wannan zamani ko kaɗan. Na ji daɗin wannan magana tasa, domin ta hana ni kallon gonar a matsayin wurin shaƙatawa. Waɗannan mutane sun zaɓi wasu abubuwa daga na da sun riƙe, sun yar da wasu da gangan, kuma sun san dalilin kowane.

Da la'asar 'yar gidan ta ɗauki bokiti ta ce mai son ganin aladu ya biyo ta. Na bi, na tsaya a bayan waya. Ba zan ɓoye ba, jikina bai saki ba. Abin da aka raine ka a kan ƙyamarsa ba ya zama abin sha'awa don ka haye teku, kuma ban je da niyyar ya zama ba. Amma ina da ido, na kuma yi amfani da shi.

Ta buga bokitin ta yi kira, daji ya amsa. Suka fito a guje daga cikin leccio, baƙaƙe, kowane da farar ɗamararsa, daidai da wanda Lorenzetti ya zana shekara 680 kafin nan. Ƙafafunsu dogaye ne masu ƙarfi, bakinsu dogo don tono, kunnuwansu sun rufo kan idanu suna kare su daga ƙaya. Ban ji ɗoyin da na sani a inda ake cunkushe su a ɗaki ba, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A kaka suna kiwon 'ya'yan leccio masu tauri da ke zuba a ƙasa, da saiwoyi, da ciyawa. Abin da ke cikin bokitin ƙari ne kawai, sha'ir da wake mai faɗi da suka noma da kansu. Uwayen na da 'yan bukkoki na katako cike da haki inda suke haihuwa.

Ta bayyana mana yadda irin ya kusa ƙarewa. Da manoman noma-mu-raba suka watse, babu sauran yaran da za su bi alade daji. Aka kawo farin alade na Ingila, Large White, wanda ake tsarewa a ɗaki, ya haifi goma sha biyu ko fiye, ya kai yanka cikin wata shida zuwa tara. Cinta kuwa shida zuwa takwas take haifa, sai ta haura shekara, kuma kitse gare ta, a daidai lokacin da likitoci ke gaya wa mutane su guji kitse. Kafin shekarun 1980 saura ƙalilan a 'yan gonaki. Wasu makiyaya 'yan tsiraru suka bi ƙauyuka suna tattara abin da ya rage, suna musayar maza tsakaninsu don kada jini ya yi kusa da yawa. A 2012 Tarayyar Turai ta ba naman shaidar asali mai kariya, da sharuɗɗa: a haife shi a Toskana, a kiwata shi a fili, kada a yanka kafin wata 12, kada kuma nauyin dabbobin ya wuce kilo 1,500 a kowace hekta.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ta fi tsayawa a kai. Ta kai mu wani yanki da aka killace, ƙasa tsirara, saiwoyin itatuwa a waje, ruwan sama ya fara yanka kwari. Ta ce aikin aladunta ne, shekarar da kasuwa ta yi kyau ta ƙara yawansu. Alade ba ya kiwo a sama kawai, tono yake, kuma in ya daɗe a wuri ko ɗan tsiro ba ya bari. Yanzu ta raba dajin kashi-kashi, tana juya su, kowane kashi ya huta. Gonar zaitun kuwa ba sa shiga sam. Abin da ke haɗa su da zaitun taki ne: hakin da suka kwana a kai, da kashinsu, da rassan da aka datse aka niƙa, a tara su ruɓe shekara guda kafin a kai gindin itatuwa.

Ina tsaye a nan sai tunanina ya tafi gida. Masu kiwon alade a kudancin Kaduna, masu kai kaya kasuwar Katsit kusa da Kafanchan, su za su fi ni fahimtar lissafin wannan mata. Amma darasin bai tsaya a kan alade ba. Muna da shanun Kuri masu manyan ƙahoni a tafkin Chadi, waɗanda yawansu ke raguwa. Muna da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Irin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana sabawa da ƙasa da cutukanta, in ya ɓace ba kuɗin da zai dawo da shi. Na ga mutanen da suka ankara saura ƙiris, na kuma ga irin wahalar da farfaɗowar ta ci. Ina ganin gara mu ankara tun da sauran garke.

Noman da suke yi a gonar, ba takin zamani ba maganin feshi, wanda suke kira biyolojiko, na ɗauka sakin gona ne ga ikon Allah. A ofishin 'yar gidan, wani ɗan lungu kusa da rumbu, na ga manyan fayil-fayil. Kafin a ba mai itatuwa shaidar, sai ya yi shekara uku yana bin ƙa'ida ba tare da ya sayar da sunan ba. Bayan nan mai bincike na zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya duba rasit na kowane buhun abincin dabba, ya duba rumbu, wani lokaci ya ɗebi ganye ko mai ya kai ɗakin gwaji. Manomin ne kuma ke biyan kuɗin binciken. Sai an bi wannan duka ake buga ɗan koren tambarin nan mai ganyen taurari a kwalba.

Babban abokin gabarsu ƙuda ne, ɗan ƙarami, mai huda ɗan zaitun ya saka ƙwai, tsutsa ta ci cikin, mai ya lalace. A 2014 aka yi hunturu mara sanyi da rani mai laima, ƙudan ya yi yawan da ba a saba gani ba, gonaki da yawa a Toskana ba su ko shimfiɗa raga ba. Ita ma ba ta samu na sayarwa ba a shekarar. Abin da take da shi na yaƙi kaɗan ne: tarkuna masu danƙo da take ratayewa tana ƙirga ƙudan da suka kama kowane mako, da farar ƙasa da take damawa da ruwa ta fesa wa itatuwa su yi fari fat, ƙudan ya kasa gane 'ya'yan. In ruwan sama ya wanke, ta sake. In abin ya fi ƙarfi, ta tsinke da wuri ta haƙura da ƙarancin mai. Na tambaye ta ko ta taɓa tunanin komawa feshi. Ta ce a 2014 ta yi tunanin kullum. Abin da ya tsayar da ita rijiyarsu ce, tana ƙasan gonar, daga ita suke sha.

Da almuru muka loda akwatuna a mota muka nufi gidan matsar mai. Ƙa'idarsu ita ce zaitun ya shiga inji kafin ya kwana ɗaya da tsinka. A watan Nuwamba injin ba ya barci, kowa da lokacin da aka ba shi, wani ƙarfe biyun dare. Wurin ya tuna mini da wajen awon auduga a ƙauyukanmu da kaka: manoma tsaye cirko-cirko, kowa na satar kallon kayan ɗan'uwansa, ana hira amma hankali na kan sikeli. Inji ya fece ganye, ya wanke, ya niƙe 'ya'yan har da ƙwallonsu. Sai wani kwami mai juyawa ya yi ta cuɗa niƙan kimanin rabin awa don ɗigon mai su haɗu, ana lura kada zafi ya wuce digiri 27. Daga nan wani inji mai tsananin gudu ya raba mai da ruwa da tunkuza. Nonno bai zauna ba, yana bin kayansa daga inji zuwa inji don ya tabbata ba a gauraya masa da na wani ba.

Man ya fito ta bakin famfo, kore, mai kauri, bai tace ba, ƙanshinsa na sabuwar ciyawa ya cika ɗakin. Kalma ɗaya ke bakin kowa a wurin, resa, wato kilo nawa na mai aka samu a kilo 100 na zaitun. Mai injin ya rubuta 13. Nonno ya ce da an jira mako biyu da an samu 16. 'Yarsa ta ce da an jira da ƙuda ya samu rabonsa, man kuma ya rasa kaifi. Malamarmu ta raɗa mini cewa wannan gardamar kowace shekara sai sun yi ta. A lissafin 'yar gidan, itace ɗaya a gonarsu kimanin lita guda yake bayarwa a shekara mai kyau, kuma zaitun in ya yi yawa bana, baɗi sai ya huta.

A kusurwar ɗakin akwai murhu. Aka gasa burodinsu mara gishiri, aka goga masa tafarnuwa, aka kwarara sabon mai, aka barbaɗa gishiri. Na ci. Da farko ɗaci, sannan wani yaji ya kama ni a maƙogwaro har na yi tari, mutanen wurin suka gyaɗa kai, domin a wurinsu tarin shaida ce ta mai mai kyau. Man da na sani a kwalaben gida santsi ne kawai, ba ɗaci ba yaji. A nan na fahimci dalili. Tunkuzar da ta rage ana sayar wa wasu masana'antu, su fitar da sauran man da sinadari, su tace, su ɗan zuba mai kyau a kai, shi ma a sayar da sunan zaitun a farashi mai sauƙi. Ko mai na gari ma haske da zafi da iska na kashe shi, kuma bayan shekara ɗaya da rabi ya wuce ganiyarsa. Kwalbar da ta yi wata da watanni a rana a bakin shago, ko da ta fito daga gidan kirki, ta riga ta rasa yawancin abin da ake nema a cikinta. Mai saye don magani ya nemi kwalba mai duhu, ya duba shekarar girbi, ya ajiye ta a inuwa.

Abin da ya dame ni, har yau kuma yana damuna, farashi ne. Man wannan gona ya ninka na babban kanti sau da yawa, naman ma haka. Masu sayensa gidajen abinci ne na masu hali da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Ɗan Gambiyan da ya tsinke shi ba zai iya sayen kwalba a kasuwa ba, sai wadda aka ba shi kyauta a ƙarshen kaka. Su kansu masu gonar ba su yi arziki ba, motarsu tsohuwa ce, rufin rumbu na yoyo. Na faɗa wa 'yar gidan haka a hanyar komawa. Ta ce ta sani, kuma in ta rage farashi gonar ta rufe, in ta ƙara yawan dabbobi daji ya mutu. Tsakanin waɗannan biyun take tafiya kowace shekara.

Bayan na dawo gida mun ci gaba da gaisawa ta hannun malamarmu. A Janairun 2022 aka gano zazzaɓin aladu na Afirka a jikin aladun daji a arewa maso yammacin Italiya, tsakanin Piyemonte da Liguriya. Cutar ba ta kama mutum, amma tana kashe alade, ita ce kuma ta yi ɓarna a Oke-Aro kusa da Legas a 2020. Inda ta shiga garke, duka ake kashewa. Masu tsare aladu a ɗaki suna iya rufe ƙofa. Masu Cinta kuwa dabbobinsu a daji suke, dajin da aladun daji ke yawo cikinsa kowane dare. Malamar ta rubuto mini cewa an ce su kewaye wurin kiwon da shinge biyu, ɗaya cikin ɗaya, yadda na gida da na daji ba za su haɗa hanci ba, kuma an daina kai baƙi bakin waya. Kafa turaku a ƙasa mai duwatsu ya ci kuɗin da ba su da shi, sai da suka sayar da wasu daga cikin uwayen suka rage garken. Jikan Nonno, wanda ya gama sakandare yana shawarar tafiya Firenze neman aiki, shi ya haƙa yawancin ramukan, kuma ya ce zai tsaya a gonar har a ga inda cutar ta nufa.